Gishiri da Kanwa a Ƙasar Noma

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa ina so mu duba wasu kalmomi biyu da kowa ya sani a madafa, wato gishiri da kanwa. Bahaushe bai haɗa su a suna ɗaya ba, kuma masana kimiyyar ƙasa sun goyi bayansa, domin illar da kowannensu ke yi wa gona da daji daban take.

Bari mu fara da yadda suke taruwa. Duk ruwan kogi ko na rijiya yana ɗauke da ɗan gishirin da ya narko daga duwatsu, ko da harshe bai ji shi ba. Inda ruwan sama yake da yawa, kamar kudancin Nijeriya, yakan wanke shi zuwa can ƙarƙashi. Amma a yankin savana, inda damina take 'yan watanni, rani kuwa ya yi tsawo, rana ce ke tsotse ruwan ta bar gishirin a sama. Shi ne farin ɓawon da ake gani a wasu fadamu kamar an barbaɗa gari.

Gishiri ƙishirwa yake sa wa tsiro. Saiwa tana jan ruwa ne idan ruwan cikinta ya fi na waje kauri. Da zarar na wajen ya fi gishiri, sai jan ya gagara. Sai ka ga shuka tana yaushi alhali gindinta a jiƙe yake. Albasa da masara ba sa jurewa, auduga da dabino kuwa suna da dama-dama. A daji ma haka abin yake: ciyawar kiwo takan ja baya, a bar goruba da ire-irenta.

Kanwa kuwa, a ganina, ta fi muni, saboda jikin ƙasar take lalatawa. Takan wargaza ƙwayoyin laka su toshe ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Da damina ruwa ya kwanta a kai, da rani ta ƙeƙashe har fartanya ta kasa shiga. Ƙasa mai gishiri ana iya wanke ta da ruwa mai daɗi idan akwai magudana. Mai kanwa sai an zuba mata jifsam, ma'adinin nan da ake sa wa siminti, kafin wankin ya yi amfani.

An ga wannan a ƙasar Mali, a babban shirin noman rani da Faransawa suka kafa a 1932 a gefen kogin Kwara, aka kuma kammala masa madatsar Markala a 1947. Shekaru aka yi ana kwarara ruwa ba tare da isassun magudanai ba, har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso daga zurfin mitoci masu yawa zuwa dab da sarari, kanwa ta fito a gonaki da dama.

Kada dai a ɗauka kanwa abar ƙi ce. A kewayen Tafkin Chadi dukiya ce da fatake suka daɗe suna kaiwa kasuwannin ƙasar Hausa, makiyaya kuma suna bai wa shanu lasa. Wadda ke kwance a wurinta haƙa ake yi a sayar. Wadda ban-ruwa ya jawo cikin gona ita ce ke korar manomi, domin haƙa magudana da sayen jifsam sun fi ƙarfin aljihun mai kadada ɗaya.