Harsashi mai araha: yadda ake gane na ƙwarai a filin harbi

Lokaci lokaci, ma'aikatan da hukuma ta danƙa wa bindiga, watau sojoji, jandarmomi, ƴan duwan da ma'aikatan ruwa da gandun daji, sukan fita filin harbi domin gwada hannu. A gundumomin Madawa, Buza da Keita, inda ake tsaron hanyoyi, iyaka da itatuwan da aka dasa a kwarin Majiya, wannan gwaji ba wasa ba ne. Amma yana cin harsashi da yawa, kuma harsashi kuɗi ne. Saboda haka ake neman mai araha domin koyo, a ajiye mai tsada domin ranar aiki.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nan maganar ba ta cika daidai ba, domin akwai harsashi mai araha wanda ba shi da aibi. Arahar wani ta zo ne daga kwansonsa, da aka yi da baƙin ƙarfe aka shafe da fenti maimakon tagulla. Bindigar Kalashnikov, mai cin harsashin milimetir 7,62, da irin wannan kwanso ta saba tun asali. Arahar wani kuwa ta zo daga tsufa ko daga mugunyar ajiya. Aikin mai dubawa shi ne ya rarrabe tsakanin biyun.

Abu na farko shi ne karatu, kuma duk wanda ya gama yaƙi da jahilci zai iya. A gindin kwanso akwai lambobi da aka buga: ɗaya ta masana'anta, ɗaya ta shekara. Lamba 10 ta ƙasar Bulgariya ce, 539 ta birnin Tula ce a Rasha, 61 da 71 kuwa na ƙasar Sin ne. A jikin akwati akwai lambar zubi, wadda ke nuna harsasan da aka ƙera tare, da albarushi iri ɗaya. Idan aka buɗe akwati aka tarar da shekaru barkatai da masana'antu uku ko huɗu a cakuɗe, to an riga an san ba daga hannun maƙeri ya fito kai tsaye ba. Bayan karatu sai ido da yatsa: tsatsa, kore-kore a kan tagulla, lotsawa, tsaga a wuyan kwanso, ko ƙwayar da ke motsi idan an murɗa ta, kowane ɗaya ya isa a ware harsashin.

Amma shari'ar gaskiya a gaban allon bara ake yin ta. Ana ɗaukar bindiga ɗaya wadda aka san halinta, da maharbi ɗaya mai natsuwa, a ɗora ta bisa buhun rairayi, a kafa allo a nisan metir 100. Ya harba biyar, a auna tazarar da ke tsakanin huji biyu mafi nisa, a rubuta. A sake har sau uku. Ba a damu da ko sun faɗa tsakiyar allo ba, domin wannan gyaran saiti ne; abin da ake nema shi ne su taru wuri guda. Ƙwayar Kalashnikov, mai nauyin kusan giram 8, tana fita da gudun da ya wuce metir 700 cikin sakan ɗaya. In albarushin wani ya fi na wani yawa, gudunsu zai bambanta, sai a ga hujin sun jeru daga sama zuwa ƙasa. In sun bazu dama da hagu, a fara tuhumar iska. Wanda ya san hunturu a kan tudun duwatsun Keita da Buza ya san dalilin da ya sa ake yin gwajin nan da sassafe.

Kunne ma yana da nasa aiki. Idan aka ja kunama harsashi bai tashi ba, kada a gaggauta buɗewa: a bar bakin bindiga yana duban allo har sakan 30, domin wani yakan makara sannan ya tashi. Idan kuwa ƙarar ta fito ƴar ƙarama, kafaɗa ba ta ji duka ba, a tsaya nan take a duba bututu. Wataƙila ƙwaya ta maƙale a ciki, kuma harbi na biyu a kanta yana iya fasa bindiga a fuskar mai ita.

Wani aibin sai washegari yake bayyana. Tsofaffin harsasan soja da yawa, hular da ke gindinsu takan bar wani gishiri cikin bututu, gishirin ya jawo laima, tsatsa ta kama. Da damina, kwana ɗaya ya isa. Maganinsa ruwan zafi ne, a busar, sannan a shafa mai. Mai shi kaɗai ba ya narkar da gishiri.

Akwai kuma wata araha da ba ta shiga wannan lissafi. Tun bayan rushewar mulkin Libiya a 2011, makamai da harsasai sun malalo cikin ƙasashen Sahel, suna yawo hannu zuwa hannu, ba akwati, ba lambar zubi, ba wanda ya san rana nawa suka sha a ƙarƙashin rairayi. Riƙe su laifi ne, kuma tun 1994 ƙasarmu ta kafa hukumar CNCCAI domin tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Mafarauci, wanda dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara sana'arsa, sai da takardar izini yake riƙe bindiga, kuma harsashin yaƙi ba nasa ba ne.

Saura magaza, inda harsashin ƙwarai yakan lalace a hannunmu. A watannin Afrilu da Mayu zafin Madawa yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi yana tsufar da albarushi da sauri. Mai tsaron magaza ya ɗora akwatuna bisa katako, nesa da bango, kada ya buɗe gwangwanin da ke liƙe sai ranar amfani, ya fitar da tsohon zubi kafin sabo, ya kuma rubuta sakamakon kowane gwaji a littafi, kusa da lambar zubinsa.