Masu Nema Wa Gawarwakin Yara Sunayensu

A ranar 10 ga Nuwamba 1979 wani manomi a garin Caledonia da ke jihar New York ta Amurka ya hango wani abu ja a bakin gonar masara. Ya ɗauka maharbi ne ya shigo masa gona. Da ya matsa kusa sai ya tarar da gawar wata yarinya budurwa sanye da jar rigar iska, an harbe ta sau biyu. Babu katin shaida a jikinta, ruwan saman da aka kwana ana yi kuma ya wanke sawun wanda ya yi aika-aikar. 'Yan sanda sun yi cigiya har sun gaji, daga bisani aka binne ta ba tare da an san ko 'yar wace ce ba.

Haka ta kwanta shekara 35. Wanda ya buɗe hanyar gano ta ba ɗan sanda ba ne, ba kuma likita ba. Akanta ne mai suna Carl Koppelman, mazaunin Kalifoniya, wanda ke zaman jinyar mahaifiyarsa, ya kuma mayar da zanen fuskokin gawarwakin da ba a san su ba aikin da yake yi a kwamfuta. Ya zana fuskar yarinyar Caledonia tun 2010. A 2014 ya ci karo da sabuwar sanarwar cigiya daga jihar Fulorida, da hoton wata ɗaliba mai suna Tammy Jo Alexander, wadda aka daina jin ɗuriyarta tun 1979. Yana ganin hoton ya gane fuskar. Ya sanar da hukuma, aka gwada ƙwayoyin halittar gawar da na 'yar'uwar Tammy, suka dace. A watan Janairu 2015 aka bayyana sunanta.

Irin su Koppelman suna da yawa a Amurka. Akwai ma'aikatan ɗakin karatu, da 'yan fansho, da matan gida, da masu aikin masana'anta. Ba a biyan su ko sisi. Aikinsu shi ne su ajiye jerin gawarwakin da ba a san masu su ba a gefe guda, jerin mutanen da suka ɓace a ɗaya gefen, su yi ta gwada wannan da wancan har Allah ya sa su dace.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar da hukumomin ƙasar ke bayarwa ta nuna cewa ana tsintar gawarwaki kusan 4,400 duk shekara waɗanda ba a san su ba, kimanin 1,000 daga cikinsu kuma sukan cika shekara ba a gano su ba. Amurka na da dubban rundunonin 'yan sanda masu cin gashin kansu, gundumomi da yawa kuma kowacce da nata mai binciken gawa. Yaro kan ɓace a wata jiha, a tsinci gawarsa a wata mai nisan kilomita dubu, takardun biyu su yi shekaru a durowa daban-daban. Wannan giɓin ne 'yan sa-kai suka shigo cikewa.

Wanda ake yawan ambata a matsayin majagaba shi ne Todd Matthews, ma'aikacin masana'anta a jihar Tennessee. Surukinsa ne ya tsinci gawar wata mata naɗe cikin tamfol a jihar Kentucky a 1968. Labarin ya tsaya wa Matthews a rai, ya yi shekaru yana bibiya, har a 1998 ya ga sanarwar wata mata a intanet tana neman 'yar'uwarta da ta ɓace a yankin. Gwaji ya tabbatar cewa ita ce Barbara Ann Hackmann Taylor. A 1999 aka kafa Doe Network, ƙungiyar 'yan sa-kai mai tattara irin waɗannan bayanai, Matthews ya zama ɗaya daga cikin jigoginta. Daga baya Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta buɗe rumbun bayanai na ƙasa mai suna NamUs, wanda kowa zai iya shiga ya duba, shi ma Matthews ya yi aiki a can.

Mai wannan aiki yakan fara da abin da likitan gawa ya rubuta: tsawo, kimanin shekaru, launin gashi, tsarin haƙora, tabo ko tsohuwar karaya, da tufafin da aka samu. Sai ya lissafa lokacin da ake jin mutuwar ta auku, ya nemo waɗanda suka ɓace kafin nan. Zai buɗe taswira ya ga ko akwai babban titin da ya haɗa wuraren biyu. Zai ajiye hoton makaranta kusa da zanen fuska ya ƙura ido kan siffar kunne, da tazarar ido, da wushirya. In ya gamsu, sai ya miƙa wa jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Daga nan hannunsa ya fita. Zanen yatsa, ko hoton haƙori, ko gwajin ƙwayoyin halitta ne kaɗai ke yanke hukunci, kuma akasarin abin da 'yan sa-kai ke turawa yakan dawo da amsar cewa ba shi ba ne.

Lamarin yara ya fi na manya wuya nesa ba kusa ba. Ƙaramin yaro bai taɓa dangwala yatsa a wani ofishi ba, wataƙila bai taɓa zuwa wurin likitan haƙori ba. Idan ƙasusuwa kawai suka rage, da wuya a bambance namiji da mace kafin balaga, ko da yake haƙora kan nuna shekaru kusan daidai. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa wanda ya kamata ya kai ƙara shi ne ya yi kisan, ko kuma an kashe uwar tare da 'ya'yanta. Yaron da ba a yi cigiyarsa ba, ba ya cikin kowane jeri, don haka babu abin da za a gwada gawarsa da shi.

Abin da ya faru ke nan a Bear Brook da ke jihar New Hampshire. A Nuwamba 1985 wani maharbi ya tarar da durom ɗauke da gawar mace da ta yarinya. A shekarar 2000 aka sake gano wani durom a kusa da wurin, da gawar ƙananan yara mata biyu. An gano cewa wani mai suna Terry Rasmussen, wanda ya mutu a gidan yari a 2010, shi ne ya kashe su, amma ba a san sunayensu ba. Rebekah Heath, ma'aikaciyar ɗakin karatu a jihar Connecticut, ta bi tsofaffin sanarwar neman dangi a intanet ɗaya bayan ɗaya, har ta samo wasu da ke neman wata yarinya da mahaifiyarta. Ta tuntuɓe su a 2018, aka gaya mata cewa uwar ta bar Kalifoniya a 1978 tare da wani mutum mai suna Rasmussen. A daidai lokacin ita ma Barbara Rae-Venter, gwanar bin salsala ta hanyar ƙwayoyin halitta, ta iso ga amsa guda. A Yuni 2019 aka bayyana uku daga cikinsu: Marlyse Honeychurch da 'ya'yanta biyu, Marie Vaughn da Sarah McWaters.

Wannan dabara ta bin salsala ita ta sauya aikin tun daga 2018. Ana ciro ƙwayoyin halitta daga ƙashi ko gashi, a saka bayanin a rumbu irin GEDmatch inda mutane ke ajiye nasu don neman dangi. Ko da 'yan'uwa na nesa kawai aka samu, masu bincike kan bi takardun haihuwa da na aure da sanarwar rasuwa, su gina asalin zuriyar har su iso ga gidan da yaro ya fito. Ƙungiyar DNA Doe Project, wadda aka kafa a 2017, da 'yan sa-kai take wannan aiki. Ta irin wannan hanya aka gano yaron da aka tsinta cikin kwali a birnin Philadelphia a Fabrairu 1957, wanda aka rubuta wa kabarinsa cewa yaron Amurka ne da ba a sani ba. A Disamba 2022 'yan sanda suka bayyana sunansa, Joseph Augustus Zarelli, ɗan shekara 4. A shekarar ce kuma aka tabbatar cewa yarinyar da aka tsinta a hamadar Arizona a 1960 ita ce Sharon Lee Gallegos, wadda aka sace a jihar New Mexico kwanaki kaɗan kafin nan. Tun a wancan lokacin an yi zargin ita ce, amma masu bincike suka ce ba ita ba ce.

Ba kowane ɗan sanda ke maraba da 'yan sa-kai ba, kuma suna da hujja. Wasu kan cika jami'ai da hasashe marar tushe, wasu su kira iyayen da ke cikin jimami su tayar musu da tsohon miki kan kamanni kawai. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ke tace duk wani hasashe kafin ya isa ga hukuma, suke kuma hana membobinsu tunkarar iyalai da albishir ko ta'aziyya kafin sakamakon gwaji ya fito.

Amma duk ƙwazon mai bincike, sai an rubuta sunan wanda ya ɓace a wani wuri kafin ya iya samo shi. Babu sunan Tammy Jo Alexander a rumbun waɗanda suka ɓace sai da wata ƙawarta ta makaranta ta tashi nemanta, abin ya kai ga 'yan sandan gundumarsu suka buɗe mata fayil a 2014. Cikin watanni kaɗan aka gano ta. Har yau ba a gurfanar da kowa a gaban kotu kan kisanta ba.