Hatsarin Ƙwayoyin Cuta Ga Masu Fama Da Ciwon Dajin Da Ya Yi Nisa

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, yana daga cikin cututtukan da ke addabar al'ummarmu a birni da ƙauye. Ƙididdigar Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke ƙasar Faransa ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu wannan ciwo sama da 127,000 a Nijeriya, yayin da kusan 80,000 suka riga mu gidan gaskiya. Mafi yawan majiyyatanmu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. A irin wannan hali, ƙwayoyin cutar da mai lafiya zai iya jure musu suna iya halaka majiyyaci cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka muka ga ya wajaba mu faɗakar da jama'a a kan wannan hatsari, domin yana cikin abubuwan da ake iya magancewa idan an hanzarta.

Dalilan raunin jikin majiyyaci

Allah Ya halicci fararen ƙwayoyin jini a matsayin dakarun da ke yaƙar duk wata cuta da ta shiga jikin ɗan Adam, kuma a cikin ɓargo ake samar da su. Maganin kemoterafi, wato wanda ake ɗura wa majiyyaci ta jijiya ko a ba shi ya sha domin kashe ƙwayoyin daji, yana taɓa ɓargo, sai yawan waɗannan dakaru ya ragu ƙwarai. Gashin da ake yi da na'ura shi ma yakan yi haka, balle idan dajin da kansa ya shiga ɓargo, kamar dajin jini.

Bugu da ƙari, ƙarin da ya girma yakan toshe hanyoyin jiki. Sankarar bakin mahaifa tana iya danne hanyar fitsari har ƙoda ta kamu da cuta, ƙarin da ke huhu kuma yakan tara majina ya haifar da nimoniya. Sankarar mama da ta fashe ta zama gyambo ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, haka ma robar fitsari da gyambon da ke fitowa a baya da ɗuwawu saboda doguwar kwanciya. Rama da rashin cin abinci suna ƙara dagula al'amari. Har ila yau, tsohuwar cutar da ta kwanta a jiki, kamar tarin fuka ko ciwon hanta, tana iya farkawa idan garkuwar jiki ta faɗi.

Kwanakin da suka fi hatsari

Jama'armu kan yi doguwar tafiya zuwa manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Usman Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Galibi ana ba da kemoterafi sau ɗaya duk bayan mako 3, sai majiyyaci ya koma gida. To, fararen ƙwayoyin jini sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan karɓar maganin. Ke nan lokacin da hatsari ya fi tsanani yakan riski majiyyaci yana ƙauye, nesa da likitansa. Wajibi ne mai jinya ya rubuta ranar da aka ba da magani, ya kuma sa ido sosai a waɗannan kwanaki.

Zazzaɓi ba abin jira ba ne

A al'adarmu, da zarar jiki ya yi zafi sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a aika yaro kyamis ya sayo farasitamol. Ga mai ciwon daji wannan babban kuskure ne, domin farasitamol yana ɓoye zafin jiki ne kawai, ƙwayoyin cutar kuwa suna ci gaba da yaɗuwa har su shiga jini. Idan haka ta faru, ƙoda da huhu da zuciya kan gaza cikin sa'o'i kaɗan.

Muna shawartar kowane gida da ke da irin wannan majiyyaci ya mallaki ma'aunin zafin jiki, wanda kuɗinsa ba shi da yawa. Idan zafin ya kai digiri 38, a garzaya da shi babban asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne. Haka kuma za a yi ko babu zazzaɓi, in an ga makyarkyata, ko numfashi sama-sama, ko ruɗewa da sambatu, ko ƙarancin fitsari, ko zawo mai yawa, ko mugunya da wari daga gyambo, ko jiki ya yi sanyi ƙalau.

A tafi da katin asibiti da dukkan magungunan da yake sha, a kuma sanar da ma'aikata tun daga bakin ƙofa cewa yana karɓar maganin daji, da ranar da ya karɓa na ƙarshe. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a fara ba irin wannan majiyyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a 1 da isowarsa. Ko da gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, ba a tsayawa a nan, domin cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Matakan kariya a gida

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Mai jinya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa majiyyaci ko abincinsa ko gyambonsa. A tafasa ruwan sha, a dafa nama da ƙwai su nuna sosai. A guji nonon da ba a tafasa ba, da latas ko kabejin da ba a wanke da kyau ba, da abincin da ya kwana a buɗe. Majiyyaci ya riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ya kwana cikin gidan sauro mai magani, kada kuma ya share garke ko akurkin kaji. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi duk bayan sa'a 2. Muna jan kunne musamman a kan sakiya da tsaga da ƙaho, da cusa garin magani a cikin gyambo, domin ta nan ƙwayoyin cuta ke samun hanyar shiga jini.

Ya kamata jama'a su sani cewa ba a ɗaukar ciwon daji ta hanyar zama ko cin abinci tare, don haka babu dalilin ƙyamar majiyyaci. Shi ne ke cikin hatsarin ɗaukar cuta daga gare mu. Dubiya aikin lada ce, amma mai mura ko tari ya dakata har ya warke, kada kuma a shigo da yaro mai ƙyanda ko ƙarambau.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni da su san gidajen da ke da irin waɗannan majiyyata a yankunansu. A yi shiri da direbobin gari tun kafin buƙata ta taso, kamar yadda aka yi a wasu jihohin Arewa domin mata masu naƙuda, don kada a kwana ana neman mota. Jami'an lafiya na matakin farko kuma kada su riƙe mai ciwon daji da ya zo da zazzaɓi. Su rubuta masa takarda su tura shi babban asibiti nan take. Limamai da malamai su taimaka wajen isar da wannan saƙo a masallatai da majami'u da wuraren taron suna da ɗaurin aure.

Ko ciwon ya kai matsayin da likitoci suka ce ba ya warkewa, magance waɗannan cututtuka yana rage raɗaɗi, yana kuma ba majiyyaci damar zama cikin iyalinsa da sauƙin jiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.