Su Cikin Bazara

Ƙasarmu ta Gagarawa ƙasar jigawa ce, ba mu da babban kogi. Duk da haka ba a rasa kifin banda a kasuwanninmu. Da yawa daga cikinsa daga Kogin Haɗeja ya ke fitowa, wanda ke kudu da mu. Kogin nan ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Calawa. Ya biyo ta Wudil da Ringim, ya wuce Haɗeja, sa'an nan ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru.

Da damina kogi ya kan cika, ya malala cikin fadamu. Kifaye su bi ruwan, su zuba ƙwai cikin ciyawa, 'ya'yansu su sami abinci su girma. A lokacin nan kamun kifi da wuya, gama ya warwatsu ko'ina. Amma da bazara, watau daga Maris zuwa Mayu, rana ta kan yi zafi ƙwarai, ruwa ya janye, sai tafkuna su rage. Kifi duka ya taru wuri guda. To, wannan shi ne lokacin su.

Bisa al'ada ba a shiga tafki sai Sarkin Ruwa ya sa rana. Ran da aka buɗe, masunta su kan taru daga garuruwa. Kowa ya zo da komarsa da gorarsa. Bisa gorar ya ke kwanciya don kada ya nutse, cikinta kuma ya ke jefa abin da ya kama, ko karfasa, ko tarwaɗa, ko ƙurungu.

Ku sani kifi yana shaƙar iskar da ke cikin ruwa ne, ruwa mai zafi kuwa iskarsa kaɗan ce. Shi ya sa karfasa ta kan galabaita cikin ƙaramin kududdufi. Tarwaɗa ba ta damu ba, don tana iya leƙowa ta shaƙi iskar waje. Gaiwa ta fi su duka dabara. In ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta naɗe, ta kwanta har damina ta dawo.

Zafin nan da ya tara kifi shi ne kuma ke ɓata shi. Wanda aka kama da safe, kafin dare ya fara wari. Saboda haka a kan fyaɗe shi nan da nan, a shimfiɗa bisa wuta ya sha hayaƙi. Shi ne banda, wanda fatake ke kawo mana.

Masuntan bakin teku, kamar na Ikko, ba su jiran bazara. Ruwansu na gishiri ne, ba ya janyewa da rani. Waɗansu su kan tsaya bisa gada su jefa fatsa ko yaushe suka so. Namu ruwan ba haka ya ke ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, da ta Calawa cikin 1992, ambaliyar da ke shiga fadamu ta ragu, wuraren da kifi ke hayayyafa suka ƙuntata.

Don haka wajibi ne a yi hattara. Mai zuba guba cikin tafki ya kan kashe manya da ƙanana, ya kuma cuci mutane da dabbobin da ke shan ruwan. Mai su da gidan sauro ya kan kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ci ba. Ku 'ya'yan manoma ne, kun san ba a cinye gero duka, sai an ajiye iri. Ƙananan kifayen da aka bari bana su ne za su yi ƙwai baɗi.

Tambayoyi

1. Don me kamun kifi ya fi sauƙi da bazara?
2. Yaya gaiwa ke yi in ruwa ya ƙafe?
3. Don me ba a son su da gidan sauro?