Yadda Ake Gwada Amfilifaya Kafin A Saya

Jama'a, duk mai son jin faifai garau a gidansa ba shi da makawa sai ya nemi amfilifaya, watau akwatin da ke karɓar raunanan sauti, ya ƙarfafa shi, ya miƙa wa lasifika. Akwai irin da aka haɗa sashe biyu cikin akwati guda, da mai daidaita ƙara da mai ba da ƙarfi. Manyansu kuɗinsu ya kan kai na mota, saboda haka kuskure a nan hasara ce babba.

Yawancin masu saye adadin wat suke bi. Alhali kuwa in an ninka wat, desibel 3 kaɗai ƙara ke ƙaruwa. Sai an riɓa shi sau 10 sa'an nan kunne ya ji kamar ta ninku. Ku dubi Sugden A21 wanda aka fito da shi a Ingila cikin 1967. Ƙarfinsa wajen wat 10 ne a kowane gefe, amma ya yi suna saboda tsabtar muryarsa. Tiransistocinsa ba su hutawa, ko da kiɗa ko babu, shi ya sa sautin ke fita sumul. Amma fa irinsa akwai zafi da shan lantarki, lalle a ajiye shi inda iska ke ratsawa.

To, in ka tashi gwaji, ka haɗa shi da lasifikarka, ka sa faifan da ka sani sarai. In biyu kake gwadawa, ka daidaita ƙararsu, gama kunne ya kan zaci wanda ya fi ƙara shi ya fi daɗi. Ka saurara kamar sa'a guda. Wanda ya gajiyar da kunnenka, bar wa mai kanti abinsa.