Abin da takardar ISO take shaida, da abin da ake ɗora mata

Duk wanda ke bin gudiron daga Yamai zuwa Damagaram, ko kuwa yake buɗa shafin talla na jarida, ya saba da ganin waɗansu haruffa ukku da lambobi huɗu: ISO 9001. Suna bisa allunan bankuna, suna bisa takardun kampanonin sufuri da na gini, wani sa'in ma har bisa buhu da kwali. Galibin masu saye suna ɗaukar su tamkar hatimin alƙali, wato a zatonsu wata babbar hukuma ta duniya ce ta auna kayan, ta ɗanɗana, ta ce babu aibi. Masu kayan da dama kuwa, ko don rashin sani ko don wayo, sukan bar jama'a cikin wanga zato, alhali takardar da ke rataye cikin biron darakta ba ta faɗi haka ba.

Ita dai ƙungiyar ISO an kafa ta a 1947, mazauninta yana birnin Janeba na ƙasar Suwis, membobinta kuwa hukumomin ƙa'ida ne na ƙasashe, kowace ƙasa hukuma guda. Aikinta rubuta ƙa'idodi. Ba ta aika mai bincike masana'antar kowa, ba ta kuma ba kowa takardar shaida. Saboda haka kampanin da ya buga cewa «ISO ta ba shi shaida» ya faɗi abin da bai auku ba, ko da takardarsa ta gaskiya ce. Masu ba da takardar waɗansu gidaje ne na daban, irin su AFNOR da Bureau Veritas da SGS, kuma mai neman shaidar shi ne ke biyan su ladar aikinsu. Tambarin ISO shi kansa mallakar ƙungiyar ne, yana da rajista, ba ta kuwa yarda wani ya liƙa shi bisa allonsa don tallar takardarsa ba.

To mene ne mai binciken yake dubawa in ya zo? A ɗauki misalin masana'antar man gujiya. Zai tambayi wa ke sayen gujiyar, daga hannun wa, bisa wane sharaɗi. Zai nemi ganin ranar da aka gwada ma'auni na ƙarshe, da wanda ya gwada shi. In wani mai kanti ya taɓa kawo kuka cewa man ya canza ƙamshi, zai so ya ga inda aka rubuta kukan, da wanda ya bi sawunsa, da abin da aka gyara don kada ya sake aukuwa. Zai tsai da ma'aikaci a bakin inji ya ji ko abin da yake yi ya dace da abin da ke rubuce. Kwanaki kaɗan yake yi, yana ɗebo nan yana ɗebo can, kamar mai sayen hatsi da ke tura hannu cikin buhu guda daga cikin ashirin. Abin da zai sa hannu a kai shi ne cewa gidan yana da tsarin tafiyar da aiki, kuma yana bin sa. Ba ya kai man ɗakin gwaji. In an kwatanta da kasuwa, shaidarsa ita ce ɗan kasuwar yana awo da tiya guda kullum, yana rubuta bashinsa, yana karɓar kayan da aka maido masa; batun ko geron yau yana da tsakuwa, sai mai saye ya duba da kansa.

Wanga bambanci shi ya sa aka gindaya sharaɗi mai tsanani. Ƙa'idar da ke mulkin masu ba da shaidar, wato ISO/IEC 17021-1 ta 2015, ta hana a buga tambarinsu bisa kaya ko bisa mazubin kaya, haka nan bisa takardar sakamakon gwaji, domin kada mai saye ya zaci kayan ne aka shaida. An dai yarda a rubuta bayani da kalmomi a jikin kwali, amma sai ya ƙunshi abu ukku: sunan kampanin, irin tsarin da lambar ƙa'idarsa, da sunan gidan da ya ba da takardar. Mai gaskiya zai rubuta cewa an yi man cikin masana'antar da tsarin ingancinta ya samu shaidar ISO 9001:2015 daga gida kaza. Jimlar tana da tsawo, ba ta da daɗin talla kamar «certifié ISO», amma ita ce ta halal. Shaidar kaya kuwa tana da nata alamomi, waɗanda fataken Maraɗi masu zuwa Katsina da Kano suka sani sarai: alamar NIS ta hukumar ƙa'ida ta Najeriya, da lambar NAFDAC bisa abinci da magani, ko kuwa alamar NF bisa kayan Faransa. A Nijar, hukumar ANMC ce ke riƙe da sha'anin ƙa'ida da awo da shaida.

Inda aka fi yin zamba cikin aminci shi ne wajen iyaka. Kowace takarda tana ɗauke da layi ɗaya ko biyu da ke faɗin aikin da aka bincika da wurin da aka bincika shi. Kampani yana iya samun shaida a kan sashen lissafinsa na Yamai kaɗai, sa'an nan ya rubuta ISO 9001 bisa dukkan motocinsa da magazarsa ta Tawa, inda mai bincike bai taɓa sa ƙafa ba. Haka ɗan kasuwar da ke shigo da siminti ko ƙarfen gini yakan ɗauki takardar masana'antar da ya sayo wurinta ya maishe ta tasa. Takardar maƙwabci ba ta rufa wa kowa asiri.

Sai lokaci. Takardar shekara ukku take yi, kuma kowace shekara masu bincike suna komowa. In sun tarar tsarin ya lalace suna iya dakatar da ita ko su janye ta, kuma wanda aka janye wa dole ya daina tallarta. Ƙa'idar ita ma tana sauyawa: ta fito a 1987, aka sake ta a 1994, da 2000, da 2008, da 2015. ISO 9002 da 9003, waɗanda tsofaffin ma'aikata za su tuna, an narkar da su cikin 9001 tun 2000, takardun bugun 2008 kuwa sun faɗi a watan Satumba na 2018. Shi ya sa ake son a rubuta lambar tare da shekararta. Lambobin kuma ba su tsaya wa juna: 9001 ta inganci ce, 14001 da ta fito a 1996 ta muhalli ce, 22000 ta 2005 ta lafiyar abinci ce, 45001 ta 2018 ta kare lafiyar ma'aikata ce. Mai ruwan leda da ke nuna 14001 bai ce komi ba game da tsabtar ruwansa.

Tun da yake mai neman shaida shi ke biya, dole a tambayi wa ke shaidar mai shaida. Akwai hukumomin da aikinsu ke nan, su tantance gidajen da ke ba da takarda: COFRAC a Faransa, wadda aka kafa a 1994, da SOAC mai mazauni a Abijan, ta ƙasashen UEMOA. Su ne ke ba da abin da ake kira «accréditation», kuma gidan bincike ake ba wa ita. Masana'antar da ta kira kanta «accréditée» don ta samu ISO 9001 ta ari rigar da ba tata ba. Takardar da ba ta ɗauke da alamar irin waɗanga hukumomi ba lalle ta jabu ce ba, sai dai babu mai tsaya mata in magana ta tashi.

Ko takarda mai kyau ma tana da gejinta, kuma Amurka ta ga haka a kan gujiya. A 2008 wani gidan bincike mai suna AIB ya ba masana'antar Peanut Corporation of America da ke Blakely, cikin jihar Jojiya, matsayi na ƙoli a kan tsabta. Ba takardar ISO ba ce, amma hanyar guda ce: kampanin ya biya, kuma ya san da zuwan mai binciken. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2009, ƙwayar cutar salmonela da ke cikin niƙaƙƙiyar gujiyarsa ta kwantar da mutum 714, tara suka rasu. Shari'a ta gano ana fitar da kaya alhali gwaji ya nuna cutar, ana kuma haɗa su da takardun sakamako na ƙarya. A 2015 aka ɗaure mai kampanin, Stewart Parnell, shekara 28.

Duk da haka takardar tana da daraja ga wanda ya same ta da gumi. Mai fitar da aya ko riɗi ko ƙaro zuwa Turai ya san masu saye na can sukan nemi irin wagga shaida kafin a fara ciniki, su kuwa suna karanta ta layi-layi, har su tambayi gidan da ya ba da ita. Wanda suka kama ya ƙara gishiri a kanta, zai yi wuya su sake yarda da shi a kan nauyi ko a kan ranar isowar kaya.

Ma'aikacin gwamnati da ke zaune cikin kwamitin ba da kwangila shi ma yana iya yin haka ba tare da ɓatar da ko dala ba. In ɗan kwangila ya sa hoton takarda cikin tayinsa, sai a duba ko sunan da ke kai nasa ne, ko aikin da aka ambata shi ne aikin da ake nema, ko ranar ƙarewarta ta wuce. Kowace takarda tana da lamba, kuma gidan da aka tantance wajibi ne a kansa ya faɗa wa mai tambaya ko tana raye, ko an dakatar da ita, ko an janye ta. Wasiƙa guda ta isa, kafin a buɗa ambulan ɗin farashi.