Inji a Can, Hannu a Nan

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi a Amurka cikin Maris na 2020, kamfanin Pixar bai kammala fim ɗin Soul ba. Daga gidajensu ma'aikata suka ƙarasa shi, ya fito a Disamba. Aiki irin wannan kuwa ya fi ƙarfin kwamfutar cinya. Sai manyan injuna masu katin zane mai tsada, masu shan wuta da fitar da zafi. Abin da ya rufa wa masana'antar fim asiri a waccan shekarar shi ne manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa.

Injin yana nan girke a ɗakin sanyi na kamfani, fayil ɗin aiki ma bai motsa ba. Abu biyu kaɗai ke kai-komo ta intanet: motsin linzami da madannai yana tafiya, hoton allo yana dawowa. Ko ɓarawo ya sace kwamfutar mai zane, babu fim a cikinta. Shi ya sa kamfanonin ƙera motoci da masu binciken man fetur suka rungumi tsarin tun kafin korona.

Dabarar ta daɗe. An ƙirƙiro manhajar VNC a Kambirij ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990, Microsoft kuma ya fito da RDP a 1998, sai dai don aikin ofis suka fi dacewa. Kamfanin Teradici, da aka kafa a Kanada a 2004, ya zo da PCoIP don hoto mai nauyi. Amazon ya sayi NICE mai manhajar DCV a 2016. A 2021 HP ya sayi Teradici, kamfanin Unity kuma ya sayi Parsec, mai irin wannan manhaja, kan dala miliyan 320.

Nauyin hoton da ake turowa ba na wasa ba ne. Allon 4K na da ɗigo sama da miliyan 8, ana sabunta shi sau 60 a daƙiƙa, wato kusan gigabit 12 a daƙiƙa idan ba a matse ba. Matsewar kuma tana da ɓarna: irin wadda ake yi wa bidiyo tana rage launi, sai siririn jan layin da injiniya ya ja a baƙin fili ya dushe. PCoIP kan bar hoton ya ɗan yi hazo yayin da ake juya shi, da hannu ya tsaya sai ya washe tas.

Wannan duka kuɗi da dabara na maganinsa. Abin da ya gagara shi ne jinkiri. Haske na gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashi, don haka kowane kilomita 1,000 na cin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, zuwa da dawowa. Idan injin na nesa da kilomita 5,000, hoto uku sun wuce kafin amsa ta iso. Mai zane zai ga alƙalaminsa a gaba, tawada na biye da shi tana ɗingishi.

Saboda haka duk wanda za a tallata wa wannan manhaja, kafin ya tambayi ƙarfin injin, ya fara tambayar garin da aka ajiye shi.